Yadda Za Ka Sayi Gawar Kwamfuta a Gwanjon Intanet, Ka Kuma Ba Ta Taurari Biyar

Idan kana da waya a hannu, da ɗan kuɗi a aljihu, da kuma yaƙinin cewa duk wanda ya shiga shago ya sayi sabon abu bai san ciwon kansa ba, to wannan jagorar taka ce. Na ɗaukar maka alkawari: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ka saurari matarka ba, cikin mako biyu za ka mallaki na'urar da ba ta aiki, a kan kuɗin wadda take aiki, kuma da hannunka za ka rubuta wa wanda ya cuce ka takardar yabo. Har yau ba a samu wanda ya bi su ya kuskure ba.

Domin kada ka ce zancen baka ne, za mu bi sawun wani Akawu, mai kula da ɗakin fayiloli a wani ofis, wanda ya yi shekara shida yana saye a kasuwar gwanjo ta intanet. Ya sayi kaya sau ɗari uku da goma sha biyu, kuma shafinsa na ɗauke da taurari biyar cif, babu tabo. Digirinsa ma bai kai masa waɗannan taurarin daraja ba. Ka kalle shi, ka kwaikwaya.

Mataki na ɗaya: Ka karɓi kuɗin da fuskar wanda aka raina

Da farko kana buƙatar larura ta gaske, domin babu daɗi mutum ya yi wauta da abin da ba shi da muhimmanci.

Akawu ya dace da wannan. 'Yarsa, wadda tun tana aji uku gidan ke kira Injiniya, tana shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine. Saura kwana goma sha biyu ta miƙa aikinta na kammalawa, sai kwamfutarta ta yi ɗan tari, ta ɗauke, ba ta sake farfaɗowa ba. Zanen yana nan lafiya a cikin ɗan filas ɗin ajiyar fayil da take ratayawa a wuya, amma saura kashi ɗaya cikin uku ba ta gama ba. In ba ta miƙa a ranar ba, sai ta maimaita shekara guda.

Uwarta, ma'aikaciyar jinya ce, mace mai lissafin komai da agogo. Ta shiga ɗaki ta fito da ambulan, ta ajiye a gaban mijinta.

"Baban Injiniya, shagon nan na kusa da tashar mota. Ka shiga, ka nuna, ka biya, ka fito. Don Allah kada ka yi mana wayo."

A nan ne za ka nuna ƙwarewa. Kada ka yi musu. Ka ɗan yi murmushi, ka girgiza kai kamar likitan da maras lafiya ke koya wa aiki.

"Ko a gaban alƙali zan maimaita," in ji Akawu, domin haka yake buɗe duk maganar da ya ɗauka da nauyi, ko da a kan gishirin abinci ce, "shago asarar kuɗi ne. Da rabin wannan zan samo mata wadda ta fi ta shago."

"Mama, ki bar Baba," in ji Injiniya. "Baba ya san kan na'ura."

Ka riƙe wannan jimlar da kyau. Ita ce jarin da za ka kashe, ba kuɗin ambulan ba.

Mataki na biyu: Ka koyi karanta talla da zuciya, ba da ido ba

Mai sayarwa a gwanjo ba ya ƙarya. Abin da yake yi shi ne ya faɗi gaskiya ƙanƙanuwa, ya bar ka ka ƙarasa sauran da burinka. Aikinka ne ka ƙarasa masa.

In ya rubuta "an ɗan yi amfani da ita", ka hango wata dattijuwa mai tsafta da ke buɗe ta sau ɗaya a mako ta goge ƙura. Kada ka hango ɗalibai huɗu a ɗaki ɗaya suna ɗora mata kofin shayi. In ya rubuta "ban samu lokacin gwadawa ba", ka tausaya masa, mutum ne mai hidima da yawa. Kada ka tambayi kanka yadda aka yi ya samu lokacin ɗaukar hoto tara daga kusurwa tara amma bai samu na danna maɓalli ɗaya ba. In hoton ya yi duhu ta gefen hagu, laifin fitilar ɗakinsa ne.

Abin lura: duk tambayar da amsarta za ta iya hana ka saye, tambayar rashin tarbiyya ce. Ka bar ta.

Mataki na uku: Ka tsare taurarinka fiye da yadda kake tsare aljihunka

Wannan shi ne zuciyar sana'ar, don haka ka gyara zama.

A kasuwar gwanjo, in ciniki ya ƙare, mai saye yana auna mai sayarwa da taurari, daga ɗaya zuwa biyar, ya rubuta ɗan sharhi. Shi ma mai sayarwa yana auna mai saye. A takarda, wannan tsari ne na tsare amana. A aikace kuwa, mai sayarwa ba ya taɓa fara bayarwa. Yakan zauna ne ya jira. Ka ba shi biyar, ya ba ka biyar. Ka ba shi ɗaya, ya ba ka ɗaya, ya ƙara da cewa kai mai neman rigima ne, kuma wannan zai zauna a goshin shafinka har abada. Mutane biyu ne kowanne ya riƙe rigar ɗan'uwansa a bakin rijiya, suna yi wa juna murmushi.

Akawu ya gane haka tun a cinikinsa na biyu, bai kuma sake ba kowa ƙasa da biyar ba.

A lungun falonsa akwai wani kabad mai ƙofa biyu wanda matarsa ke kira maƙabarta. A ciki akwai rediyon da ke kama tasha ɗaya tak, ita ma sai an riƙe eriyarsa da hannu. Akwai na'urar wasan bidiyo mai hannu ɗaya. Akwai kwalin faifan wani dogon fim mai kashi ashirin, wanda babu na ashirin ɗin a ciki, har yau gidan ba su san wanda ya kashe attajirin ba. Akwai lasifika biyu da ke magana kamar masu mura. Sannan a can sama akwai majigi, wanda ya saya shekara biyu da suka wuce domin ya mayar da falon gidan kallo. An haɗa shi, an rufe labule, an kira maƙwabta. Ya haska bangon na minti uku da wani koren haske, ya yi warin ƙonewa, ya huta.

Kowanne daga cikin waɗannan ya samu taurari biyar, da sharhi mai kyau, domin Akawu ya iya rubutu, kuma yana son a san ya iya.

"Me ya sa ba ka faɗi gaskiya ba?" matarsa ta taɓa tambayarsa ranar majigin.

"Ke ba ki san kasuwa ba. In na taɓa shi, zai taɓa ni."

"To in ya taɓa ka, me zai ragu a jikinka?"

Irin wannan tambayar ba a amsa ta. Ka ɗauki waya ka fita tsakar gida.

Mataki na huɗu: Ka dogara da shaidar jama'a

Yanzu da ka san yadda kai kake ba da taurari, sai ka manta da shi gaba ɗaya. Ka ɗauka cewa duk sauran mutane gaskiya suke faɗa. Kai kaɗai ne mai dabara.

Washegari a ofis, tsakanin fayil da fayil, Akawu ya ga kwamfutar. Baƙa ce, sirirya, irin wadda masu zane ke so, an fara tayinta a kan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ambulan. Mai sayarwar ya sa wa shagonsa suna Amana Zalla. Masu sayarwa sukan sauya sunan shago kamar riga, taurarin kuwa su bi su, amma wannan ba abin da zai dame ka ba ne. Tallar ta ce: "Tana kunnuwa. Ban samu lokacin gwada sauran ba."

Akawu ba yaro ba ne, sai ya gangara wajen sharhi. Kasuwar tana ɓoye sunan masu sharhi, kalamansu kaɗai ake gani. Yawancinsu gajeru ne: madalla, na gode, kaya ya iso. Amma akwai wani na shekara biyu baya da ya tsayar da shi:

"Mutum ne mai amana, kayansa kamar yau aka fito da su daga kamfani. Iyalina sun yi farin ciki. Ko a gaban alƙali zan maimaita: wanda ya saya a nan ba zai yi nadama ba."

Akawu ya karanta sau biyu. Ya ji wani sanyi a ransa, irin na wanda ya haɗu da ɗan garinsu a ƙasar waje. Ya juya ga abokin aikinsa, mai buga takardu, wanda teburinsa ke jikin taga.

"Ji wannan. Ka ga mai ilimi. Daga rubutun mutum kake gane ba zai yi ƙarya ba."

"Kamar na taɓa jin maganar nan a wani wuri," in ji mai buga takardu, bai ɗago kai ba.

"Magana ce ta masu hankali. Dole ka taɓa ji."

Mataki na biyar: Ka taya kamar mutuncin gidanku ne a kan tebur

Gwanjon zai rufe da ƙarfe sha biyu na ranar Alhamis. Ka sa wa kanka iyaka tun da wuri, ka rantse ba za ka wuce rabin kuɗin ba. Wannan iyakar tana da amfani, domin da ita za ka gane lokacin da ka wuce.

Saura minti goma, Akawu ne a sama. Saura bakwai, wani ya ɗora. Ba a ganin sunansa ko fuskarsa, amma nan take Akawu ya san irinsa: wani ɗan gata ne mai takalmi mai tsini wanda bai taɓa shan wahala ba. Ya ɗora masa. Wancan ya ɗora. Ya ɗora.

Manaja ta leƙo ɗakin fayiloli. "Malam, fayil ɗin da na ce a kawo tun safe fa?"

"Yana hanya, ranki ya daɗe."

"Daga ina? Ga shi can a bayanka."

"Minti huɗu, ranki ya daɗe."

Saura minti uku ya wuce rabin kuɗin. Saura biyu ya daina tunanin kwamfuta, ya daina tunanin Injiniya, abin da ya rage a duniya shi ne kada mai takalmi mai tsini ya yi dariya. Saura daƙiƙa tara ya zuba duk abin da ke cikin ambulan, ya rufe ido.

Wayar ta yi ƙara mai daɗi. Ta ce: Ka yi nasara.

Ka lura da kalmar. A shago cewa ake yi ka biya. A gwanjo kaɗai ake kwashe maka kuɗi a kuma taya ka murna. Da aka ɗora kuɗin aike, tsohuwar kwamfutar ta fi sabuwar shago tsada da kuɗin motarsa na mako guda, wanda ya cika daga aljihunsa. Ya kai wa manaja fayil yana tafiya kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Mataki na shida: Ka jira, kuma ka sa kowa ya jira

Kaya zai ɗauki kwana uku. In an tambaye ka nawa ka saya, ka ce, "Ke dai ki jira ki gani." In an tambayi canji, ka yi tari.

Injiniya ta yi kwana ukun tana zane a takarda da fensir, tana ƙirga kwanaki a bayan littafi. Ba ta yi ƙorafi ba. Duk yamma in ya dawo takan karɓi jakarsa ta ce, "Baba, ta iso?" Shi kuma ya ce, "Tana hanya," da muryar da ya yi wa manaja.

Mataki na bakwai: Ka buɗe kwalin a gaban kowa

Kada ka buɗe a ɓoye. Nasara tana son shaidu.

Ranar Lahadi da hantsi kwalin ya iso, an naɗe shi da salatif kamar mai karaya. Akawu ya sa aka share tebur. Ya yanka a hankali, ya zaro kwamfutar, ya hura mata iska, ya danna maɓalli.

Ta kunnu. A yi wa mai sayarwa adalci, ta kunnu. Allon ya yi haske, fankar ciki ta tashi da ƙara kamar injin niƙa, Akawu ya buɗe baki zai ce ko a gaban alƙali. Injiniya ta cire filas daga wuya. Kafin ta kai hannu, allon ya yi kore, wani wari ya tashi wanda duk gidan suka sani, sannan komai ya yi shiru.

"Warin majigi," in ji uwar, a hankali, kamar mai gaishe da tsohon maƙwabci.

Akwai wani mai gyara a ƙarƙashin matakalar wani bene a bakin titi, shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba. Shi ya ga gawar rediyon, shi ya ga ta majigin. Ya kwance bayan kwamfutar, ya kai hanci ya shinshina, ya nuna wa Akawu wani farin gishiri-gishiri da ya bi duk cikinta.

"Yallaɓai, wannan ta sha ruwa. Ba yayyafi ba, iyo ta yi."

"Ba za ta gyaru ba?"

"Allon yana da kyau. Sauran sai addu'a." Ya mayar da sukurori cikin murfin kwalba. "Amma ina jin daɗin zuwanka, wallahi. Kai kaɗai ne ke kawo mini abin da ban taɓa gani ba."

Saura kwana shida.

Mataki na takwas: Ka nemi haƙƙinka cikin ladabi, ka kuma biya kafin a ba ka

Yanzu kana da makami ɗaya tak a hannu: ba ka ba da taurari ba tukuna. Muddin ba ka bayar ba, mai sayarwa yana tsoronka. Saboda haka abu na farko da za ka yi shi ne ka miƙa masa makamin.

Akawu ya rubuta wa Amana Zalla saƙo mai sakin layi uku, da gaisuwa, da bayanin halin da 'yarsa ke ciki. Amsa ta zo cikin minti biyu.

"Subhanallahi, babban yaya, raina ya ɓaci. Ni ma ina da 'ya. Akwai wata irinta sak a hannuna, gobe zan aiko maka kyauta. Sai dai ka taimaka ka fara sa mini biyar ɗin nan, don kasuwa ba ta barin mu aika canji in ciniki bai rufe ba."

Babu irin wannan dokar, kuma Akawu ya san babu. Amma ya tsaya ya auna. In ya ba da ɗaya, za a rama, shekara shida ta tafi a banza. In ya ba da biyar, wataƙila kwamfuta ta zo, kuma tabbas taurarinsa za su tsira. Ka ga, ta kowace fuska biyar ce ta fi, in dai ba ka sa 'yarka a cikin lissafin ba.

Ya zauna ya rubuta, kuma tun da ya fara, sai alƙalamin ya ɗauke shi:

"Na sayi kwamfuta domin 'yata mai karatun zane. Ta iso a kan lokaci, tana aiki kamar walƙiya. Ko a gaban alƙali zan maimaita: duk uban da ke son 'yarsa, nan zai zo."

Ya aika. Gobe ta zo, ta wuce. Ya rubuta, "Ina jiran labari, ɗan'uwa." Shiru. Ya rubuta, "Salamu alaikum." Shiru. A gida ya ce canjin yana hanya. Wannan karon Injiniya ba ta karɓi jakar ba, tana kan tebur da fensir, ta ce sannu da zuwa ba tare da ta juyo ba.

Mataki na tara: Ka bari alherinka ya yaɗu cikin dangi

Sharhi mai kyau ba ya zama wuri ɗaya. Yana fita ya yi aiki.

Ƙanin matar Akawu direban motar asibiti ne, mutum mai saurin tausayi da saurin komai. Yayarsa ta kira shi ta faɗa masa halin da ake ciki, ba ta faɗi inda aka sayi ta farkon ba, domin ita ma ba ta sani ba. Saura kwana uku, da yamma, sai ga shi ya shigo da kwali a ka, an naɗe shi da salatif kamar mai karaya.

"Ina Injiniya? Share hawayenki, kawunki ya zo! Yaya, ba raini ba, amma ku manya ba ku iya intanet ba. Ba a saye sai an karanta sharhi. Ni ko tayi ban tsaya yi ba, farashin nan take na biya."

Akawu ya kalli salatif ɗin.

Aka share tebur. Ta kunnu. Wannan ba ta yi wari ba, fankarta ma shiru, sai dai allon ya rabu gida biyu, sama baƙi, ƙasa ruwan toka, da wani layi ja a tsakiya.

"A'a!" in ji Direba. "Wallahi ba haka aka ce ba. Ku tsaya ku ji, wani bawan Allah ne ya rubuta ranar Lahadi, shi ma 'yarsa zane take karanta, shi ya sa na ce wannan ai kamar don mu aka rubuta." Ya zaro waya ya karanta da ƙarfi, yana bin layi da yatsa. "Tana aiki kamar walƙiya. Ko a gaban alƙali zan maimaita..."

Ya tsaya. Ya sake duba wayar. Ya ɗago ya dubi mijin yayarsa.

A kicin, murfin tukunya yana ta rawa a kan wuta, ba wanda ya je ya sauke.

"Baba, ara mini wayarka," in ji Injiniya.

Ya miƙa. Me zai yi? Ta shiga shafinsa, inda duk sharhin da ya taɓa rubutawa ke jere da kwanan wata. Ta ga na ranar Lahadi. Ta ci gaba da gangarawa, ta wuce lasifika, ta wuce faifai, har ta kai shekara biyu baya.

"Mama, kin san wa ya sayar mana da majigi?" Ta juya wayar. Sunan shagon ya sauya, amma shafin ɗaya ne. "Kayansa kamar yau aka fito da su daga kamfani. Iyalina sun yi farin ciki." Ta dubi uwarta. "Mun yi farin ciki, Mama?"

"Ni dai na tuna mun buɗe tagogi," in ji uwar.

A nan ne Akawu ya gane wane ne mai ilimin da ya shaide masa Amana Zalla. Duk faɗin kasuwar, cikin dubban mutane, maganar mutum ɗaya tak ya yarda da ita, kuma ya san mutumin maƙaryaci ne tun shekara shida.

"Yaya," in ji Direba, murya ƙasa-ƙasa, "kuɗin tayoyin motata ne fa."

Mataki na goma: Ka bar mata su gyara, kai ka kula da martabarka

Da safe uwar ta ɗauki hutun kwana ɗaya, ta rungumi kwali biyu, Injiniya na biye da ita, suka nufi ƙarƙashin matakala. Ba su ce Akawu ya zo ba, ba su kuma ce kada ya zo ba. Ya bi su a baya da tazarar taku goma.

Mai gyara ya buɗe ta biyun, ya yi dariya har ya dafa bango. "Hajiya, kun yi sa'a. Waccan allonta ne mai rai, wannan cikinta ne mai rai. Gawa biyu, mutum ɗaya."

Kafin la'asar ya haɗa su. Abin da ya fito ba ya rufuwa, ba ya aiki sai a jikin soket, kuma sai an jingina allon da littattafai uku. Amma ya buɗe zanen. Injiniya ta zauna a gabansa kwana biyu, ba ta tashi sai don abin da ya zama dole, kawunta ya kai ta makaranta da motarsa mai sanƙon tayoyi, ta miƙa aikin saura minti arba'in a rufe ofis.

A ranar ne kuma Amana Zalla ya tuna da Akawu. Ba kwamfuta ya aiko ba, taurari ya aiko. Guda biyu. Ya rubuta: "Yana biya da wuri, amma yana da yawan damun mutane da saƙo."

Akawu ya daɗe yana kallon shafinsa a ɗakin fayiloli. Biyar ɗin nan cif ta zama huɗu da ɗigo tara. Mai buga takardu ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri," ya koma wurinsa.

Da yamma ya tarar da gidan cikin raha. Injiniya tana ba uwarta labarin yadda malamin ya juya zanen sama da ƙasa kafin ya gane inda ƙofa take. Wayarta ce ta fara ɗaukewa kwanan nan, ya ji tana cewa, "Mama, in kin samu lokaci ki raka ni shagon nan na kusa da tasha." Da can shi ake tambaya.

Ya zauna a gefen kujera, ya gyara murya, ya nemi hanyar shiga da wasa.

"To, Injiniya, an dai gama lafiya. In aka ce ki auna babanki, taurari nawa za ki ba shi?"

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Biyar, Baba."

Ya ji daɗi har ya kai hannu zai gyara hula. "Da gaske?"

"Irin waɗanda kake bayarwa."

Ta tashi ta ɗauke masa jakarsa, ta kai ɗaki, kamar yadda ta saba.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da zai biyo bayan bin ta. In kabad ɗinka ya cika, in surukinka ya daina ɗaga wayarka, in 'yarka ta koma tambayar uwarta abin da da kai take tambaya, wannan tsakaninka ne da mai sayarwa, shi kuwa ya riga ya sauya suna. Ba a mayar da shawara bayan an buɗe kwali. Wanda bai gamsu ba yana da damar ya rubuta sharhi ya ba da tauraro ɗaya, amma ya sani cewa marubucin bai ba da nasa ba tukuna, yana nan zaune yana jira.